Tarihin Muhawara kan Zafi da Motsi a Cikin Duniya, daga Kelvin zuwa Holmes

1.0 Gabatarwa

Masu haƙar ma'adinai sun daɗe da sanin cewa ƙasa tana ƙara zafi gwargwadon nisan da aka yi cikinta. A mafi yawan wurare zafin yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30 na ma'aunin Salsiyas a kowace kilomita guda. A mahaƙar zinariya ta Mponeng da ke Afirka ta Kudu, wadda zurfinta ya kai wajen kilomita 4, zafin dutsen ya kai digiri 60, har sai an yi amfani da ƙanƙara wajen sanyaya iskar da ma'aikata ke shaƙa. Saboda haka ba a yi wani dogon musu a kan samuwar wannan zafi ba. Abin da ya raba kan masana har tsawon fiye da shekara ɗari shi ne hanyar da zafin ke bi yana fitowa waje.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan muhawara daga shekarar 1862 zuwa ƙarshen shekarun 1960. Za a nuna cewa manyan tambayoyi biyu da aka yi ta jayayya a kansu daban-daban, watau yawan shekarun duniya da kuma tafiyar nahiyoyi, tushensu ɗaya ne: shin cikin duniya a sandare yake, ko kuwa yana motsi? Har ila yau za a gyara wani bayani da ya yaɗu a littattafan makarantu, wanda ke cewa gano sinadarin radiyam ne kaɗai ya rushe lissafin Kelvin.

Don sauƙin bayani, za a kwatanta duniya da ɗan itace mai ƙwallo, a kira sashenta na waje ɓawo, na tsakiya tsoka, na can ciki kuma ƙwallo. Hanyoyin tafiyar zafi biyu da zancen ya rataya a kansu za a kira su naso da juyi. Naso shi ne yadda zafi ke bin jikin abu ba tare da abin ya gusa ba, kamar yadda mariƙin ludayin ƙarfe ke ɗaukar zafi in an bar shi cikin miya. Juyi kuwa shi ne yadda abu mai zafi ke tasowa sama da kansa, mai sanyi ya nutse ya maye gurbinsa, kamar ruwan da aka ɗora a murhu.

2.0 Duniya a Matsayin Dunƙulen Ƙarfe Mai Hucewa

Malaman Turai na ƙarni na 17 sun ɗauka cikin duniya cike yake da koguna na wuta. Athanasius Kircher, wani limamin Katolika Bajamushe da ya taɓa sauka cikin bakin dutsen Vesuvius mai aman wuta a 1638, ya zana duniya da wata babbar wuta a cibiyarta, da rassa suna miƙewa zuwa duwatsu masu aman wuta. Wannan zato ne kurum, ba shi da awo ko lissafi.

Wanda ya fara gwada abin da hannunsa shi ne Buffon na Faransa. Ya sa aka ƙera masa dunƙule-dunƙulen ƙarfe masu girma daban-daban, aka gasa su har suka yi fari, sa'an nan ya riƙa auna lokacin da kowannensu zai ɗauka kafin ya huce. Daga nan ya ƙiyasta wa dunƙulen da ya kai girman duniya, ya wallafa a 1778 cewa shekarunta sun kai wajen 75,000. Adadin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, amma ya kafa wani ra'ayi da ya daɗe yana tasiri, cewa duniya ta faro ne a narke, kuma tun daga ranar take hucewa. A 1822 Joseph Fourier, shi ma Bafaranshe, ya wallafa ƙa'idojin lissafi na nason zafi. Waɗannan ƙa'idoji su ne makamin da Kelvin ya ɗauka.

3.0 Lissafin Kelvin

William Thomson, wanda aka naɗa wa sarautar Lord Kelvin a 1892, shehun malami ne a Jami'ar Glasgow ta ƙasar Sikotland, kuma a zamaninsa da wuya a sami masanin fiziks da ake jin maganarsa kamarsa a Birtaniya. A 1862 ya gabatar da lissafinsa. Ya ɗauka duniya ta daskare tana da zafi bai ɗaya, wajen digiri 3,900, daga sama har cibiya. Ya ɗauki awon da aka samu a mahaƙai, cewa zafi na ƙaruwa da digiri ɗaya na ma'aunin Faranhait a kowace ƙafa 50. Ya kuma yi amfani da awon da aka yi a duwatsun da ke kewayen Edinburgh ya lissafa saurin naso a cikinsu. Hujjarsa ita ce, da fari bambancin zafi tsakanin doron ƙasa da abin da ke ƙarƙashinsa yana da tsanani, yana kuma raguwa a hankali yayin da sanyi ke shiga ciki. Saboda haka in an san yadda bambancin yake a yau, za a san tsawon lokacin da aka yi ana hucewa. Amsar da ya samu ita ce shekara miliyan 98, ya kuma ce ba za ta gaza miliyan 20 ko ta wuce miliyan 400 ba. Zuwa 1897 ya matse adadin ya koma tsakanin miliyan 20 da 40.

Wannan lissafi ya tayar da hankalin masana ilmin duwatsu, domin su abin da suke gani a kauri da jerin duwatsu yana bukatar lokaci mai tsawon gaske. Ya fi taɓa Charles Darwin, wanda a littafinsa na 1859 ya ƙiyasta cewa zaizayar wani kwari guda a kudancin Ingila ta ɗauki wajen shekara miliyan 300. In duniya ba ta kai haka ba, to, ra'ayinsa na sauyawar halittu sannu a hankali ba shi da filin tsayawa. Abokinsa Thomas Huxley ya mai da martani a 1869, inda ya kwatanta lissafi da dutsen niƙa, wanda komai kyansa ba ya ba da gari sai na irin hatsin da aka zuba masa. Maganar gaskiya ce, sai dai Huxley bai iya nuna wane hatsi ne ruɓaɓɓe cikin waɗanda Kelvin ya zuba ba.

Kelvin yana da wasu hujjoji biyu da suka ƙarfafa shi. Ta farko, ya nazarci yadda jan wata da rana ke tasiri a jikin duniya, ya nuna cewa taurinta ya yi daidai da na baƙin ƙarfe, don haka cikinta ba ruwa ba ne. Ta biyu, ya lissafa shekarun rana ta wata hanya dabam, ya sami adadin da bai yi nisa da na duniya ba. Shaidu biyu da suka dace da juna kuwa suna da wuyar ƙaryatawa.

4.0 Hujjar John Perry

Wanda ya gano inda matsalar take tsohon mataimakin Kelvin ne, wani injiniya ɗan ƙasar Ailan mai suna John Perry. A 1895 ya wallafa bayaninsa a mujallar Nature. Bai ce malaminsa ya yi kure a lissafi ba. Abin da ya soka shi ne zaton cewa zafi yana bin duniya ne ta hanyar naso kaɗai, kuma da sauri ɗaya daga cibiya har doron ƙasa.

Naso a cikin dutse abu ne mai nawa ƙwarai. A tsarin Kelvin, ko bayan shekara miliyan ɗari, 'yan ɗaruruwan kilomita na sama ne kaɗai suka huce, sauran cikin duniya, mai zurfin fiye da kilomita 6,000, yana nan da zafinsa kamar ba a taɓa shi ba. Perry ya ce, a ƙaddara ɓawo mai tauri siriri ne, abin da ke ƙarƙashinsa kuma yana iya juyawa ko da kaɗan ne. In haka ne, juyin zai riƙa kawo zafi daga can ciki yana jibge shi a gindin ɓawon, bambancin zafi a kusa da doron ƙasa kuma zai daɗe da tsananinsa. Da ya sake lissafin a kan wannan zato, sai ya ga awon da Kelvin ya dogara da shi yana iya dacewa da duniyar da ta kai shekara miliyan 2,000 zuwa 3,000.

Ba a karɓi maganarsa ba. Peter Guthrie Tait, abokin aikin Kelvin, ya amsa masa da gatse, shi kuwa Kelvin ya tsaya a kan cewa duniya tauri gare ta, kuma shekarun rana sun iyakance na duniya. Abin lura a nan shi ne, Kelvin da kansa ya saba nuna wa ɗalibansa wani gwaji da kakin dukawa, wanda in an doke shi da guduma yake tarwatsewa, amma in an ɗora masa harsashi aka bar shi watanni sai harsashin ya nutse cikinsa. Ya san abu ɗaya yana iya yin tauri a ɗan lokaci, ya kuma malala a dogon lokaci. Bai dai ɗauki wannan sani ya ɗora a kan tsokar duniya ba.

5.0 Shigowar Radiyam

A 1896 Henri Becquerel ya gano cewa sinadarin yuraniyam yana fid da wani haske da ido ba ya gani. A 1898 Marie Curie da mijinta Pierre suka gano radiyam, a 1903 kuma Pierre Curie da Albert Laborde suka nuna cewa radiyam yana fid da zafi ba dare ba rana, ba tare da ya ƙone ba. Dalili shi ne ƙwayoyin zarra na waɗannan sinadarai suna rugujewa da kansu suna komawa wasu sinadarai. A 1904 Ernest Rutherford ya yi lacca a Landan, Kelvin yana zaune cikin masu sauraro. Kamar yadda Rutherford ya riƙa ba da labari daga baya, ya kauce wa fushin dattijon ne ta hanyar tuna wa jama'a cewa Kelvin ya gindaya sharaɗi a lissafinsa, watau muddin ba a gano wata sabuwar hanyar samun zafi ba. Daga wannan labari aka ɗauko bayanin da ya yaɗu, cewa radiyam ne ya kayar da Kelvin.

Bayanin bai cika ba. A 2007 Philip England da Peter Molnar da Frank Richter sun sake bin lissafin, suka nuna cewa ko da an zuba wa tsarin Kelvin dukkan zafin da waɗannan sinadarai ke bayarwa, amsar ba za ta sauya sosai ba, muddin an bar cikin duniya a sandare. Zafin da aka samar a zurfin kilomita dubu ba shi da hanyar isowa sama ta naso cikin lokacin da ake magana. Ke nan babban kuren shi ne wanda Perry ya nuna.

Amfanin da radiyam da 'yan'uwansa suka yi na gaske shi ne sun zama agogo. Tun da yuraniyam yana komawa dalma da saurin da ba ya canjawa, in an auna yawan kowannensu a cikin dutse za a san shekarunsa. Bertram Boltwood ya gwada wannan a Amurka a 1907. A 1911 wani saurayi Baturen Ingila, Arthur Holmes, ya auna wani dutse daga Norwe ya sami shekara miliyan 370, a 1913 kuma, yana ɗan shekara 23, ya wallafa littafi inda ya ba wasu tsofaffin duwatsu shekara miliyan 1,600. A 1956 Clair Patterson ya tsai da shekarun duniya a kan miliyan 4,550, adadin da har yanzu ake aiki da shi. Hujjar rana ma ta faɗi a 1939, sa'ad da Hans Bethe ya bayyana yadda haɗuwar ƙwayoyin zarra ke hura wutarta.

To, an yarda duniya tsohuwa ce, amma an yarda ne ta hanyar agogo. Maganar Perry ta juyi aka bar ta a baya, kuma wannan mantuwa ta jawo wa ilmi jinkiri a muhawara ta biyu.

6.0 Abin da Girgizar Ƙasa ta Bayyana

Babu wanda ya taɓa ganin tsokar duniya a inda take. Rami mafi zurfi da aka haƙa a tsaye, na Kola da ke arewacin Rasha, an fara shi a 1970, ya kai mita 12,262 a 1989, inda aka tarar da zafin digiri 180. Ko ɓawo bai huda ba. Sanin sassan ciki ya samu ne daga girgizar ƙasa. A 1889 wata na'ura a Potsdam ta ƙasar Jamus ta ɗauki motsin girgizar da ta auku a Japan, masana suka fahimci cewa igiyoyin girgiza suna ratsa duniya daga wannan gefe zuwa wancan, kuma saurinsu da karkatarsu suna ba da labarin abin da suka ratsa.

Igiyoyin iri biyu ne. Ta farko tana tafiya ne da matsi da saki, tana ratsa dutse da ruwa duka. Ta biyu tana kaɗa abu ne gefe da gefe, don haka ba ta iya ratsa ruwa. Da wannan bambanci Richard Oldham ya nuna samuwar ƙwallo a 1906. A 1909 Andrija Mohorovičić na Zagreb ya gano iyakar ɓawo da tsoka. Beno Gutenberg ya auna zurfin ƙwallon ya sami kilomita 2,900, a 1926 kuma Harold Jeffreys na Jami'ar Kambirij ya tabbatar da cewa ƙwallon narkakke ne. A 1936 wata masaniya 'yar ƙasar Danmak, Inge Lehmann, ta nazarci bayanan girgizar da aka yi a Niyu Zilan a 1929, ta gano wani ƙaramin ƙwallo a cikin babban, wanda yanzu aka san daskararre ne, yana farawa daga zurfin wajen kilomita 5,150.

Wannan ci gaba ya zo da nasa cikas. Igiya ta biyu tana ratsa tsoka gaba ɗayanta, wanda ke nuna cewa tsokar dutse ce mai tauri. Masu ƙin yarda da motsi sai suka riƙe wannan a matsayin hujjar da ta yanke magana. Amma girgiza tana wucewa ne cikin daƙiƙoƙi, ba ta faɗin abin da dutse zai yi cikin shekara dubu. Shaidar wannan tana ƙasashen Suwidin da Finlan, inda ƙasa take ɗagowa da kusan santimita ɗaya a shekara a wasu wurare, tun bayan narkewar tulin ƙanƙarar da ya danne ta wajen shekara 10,000 da suka wuce. A 1935 Norman Haskell ya yi amfani da saurin wannan ɗagowa ya lissafa kaurin malalar tsoka. Ƙasa ba za ta lotsa ta kuma dawo ba sai in abin da ke ƙarƙashinta yana gusawa.

7.0 Wegener da Holmes

A watan Janairu na 1912 Alfred Wegener, wani Bajamushe masanin yanayin sama, ya gabatar da ra'ayinsa a birnin Frankfurt, ya kuma wallafa shi a littafi a 1915. Ya ce nahiyoyi a da haɗe suke, daga baya suka rabu. Hujjojinsa sun haɗa da dacewar gaɓar Afirka da ta Amurka ta Kudu, da jerin duwatsu iri ɗaya a ɓangarorin biyu, da burbushin wata dabba mai kama da kada, Mesosaurus, wadda ba a samunta sai a kudancin Afirka da Amurka ta Kudu, da kuma alamun tsohuwar ƙanƙara a Indiya da Afirka ta Kudu.

Rauninsa yana wajen bayyana abin da ke tura nahiyoyin. Ya kawo jan wata da rana da kuma juyawar duniya, aka lissafa aka ga ƙarfinsu bai kai ko kusa ba. Jeffreys, a littafinsa na 1924, ya ce ba shi yiwuwa nahiya ta keta ƙasan teku mai tauri kamar yadda kwalekwale ke keta ruwa, kuma a nan ya yi gaskiya. A taron da aka yi a Niyu Yok a 1926 mafi yawan masanan Amurka sun yi watsi da ra'ayin. Wegener ya rasu a kan ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba tare da ya ga nasara ba. Cikin 'yan ƙalilan da suka ci gaba da kare shi akwai Alexander du Toit na Afirka ta Kudu, wanda ya je Amurka ta Kudu ya ga duwatsun da idonsa.

Arthur Holmes ne ya haɗa muhawarar biyu wuri ɗaya. A watan Disamba na 1927, shekara ashirin daidai da rasuwar Kelvin, kuma a birninsa na Glasgow, Holmes ya yi lacca wadda aka wallafa a 1931. Ya ce in akwai sinadarai masu ba da zafi a cikin tsoka, ko da kaɗan ne, naso ba zai iya fid da zafin ba, tilas ya taru har dutsen ya yi laushin da zai fara juyi. Inda juyin ya taso a ƙarƙashin nahiya sai ya tsaga ta ya ja ɓangarorin gefe da gefe, sabon ƙasan teku ya samu a tsakani, inda kuma ya nutse sai ya ja tsohon dutse zuwa ciki. Ke nan nahiyoyi ba keta komai suke yi ba, ɗauke da su ake tafiya. Ya ƙiyasta saurin tafiyar da wajen santimita 5 a shekara, abin da bai yi nisa da awon yau ba. Ya maimaita bayanin a babi na ƙarshe na littafinsa na 1944, ya kuma fito fili ya ce hasashe ne da ke jiran shaida.

8.0 Shaidar Ƙasan Teku da ta Afirka ta Yamma

Shaidar ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen ruwa na bincike suka shiga auna ƙasan teku. A 1952 Marie Tharp, wadda ke zana taswira daga awon zurfi, ta lura da wani dogon tsagi a tsakiyar jerin duwatsun da ke ƙarƙashin Tekun Atlantika. Awon zafi ya nuna cewa a kan irin waɗannan duwatsu zafi ya fi fitowa. A 1962 Harry Hess ya ce a nan ne ake ƙirar sabon ƙasan teku. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews suka kawo hanyar gwadawa. An san maganaɗisun duniya yakan juya daga lokaci zuwa lokaci, arewa ta koma kudu, dutsen da ya daskare kuma yakan riƙe alamar maganaɗisun zamaninsa. In ƙasan teku yana buɗewa, tilas a sami alamun a jere kamar saƙar zane, na gabas su yi daidai da na yamma. Aka auna aka same su haka. A 1968 jirgin haƙa mai suna Glomar Challenger ya ɗebo samfura a kudancin Atlantika, aka ga shekarun ƙasan tekun suna ƙaruwa gwargwadon nisa daga tsagin.

Afirka ta Yamma ta ba da nata shaida. A 1965 Edward Bullard da abokan aikinsa sun yi amfani da kwamfuta suka haɗa gefen Afirka da na Amurka ta Kudu a zurfin wajen mita 900, suka dace, in ban da 'yan wurare kamar bakin kogin Kwara, inda laka ta taru bayan rabuwar. A 1967 Patrick Hurley da masanan Jami'ar Sao Paulo suka bi wata iyaka da ta raba duwatsu masu shekara miliyan 2,000 da masu miliyan 600, wadda ta shiga teku a kusa da Akara ta ƙasar Gana. Sun yi hasashen cewa in nahiyoyin a haɗe suke, iyakar za ta ɓullo kusa da Sao Luis ta ƙasar Barazil, a can kuwa aka same ta. Kevin Burke, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan a shekarun 1960, yana cikin waɗanda suka bayyana kwarin Binuwai a matsayin reshe na uku na wannan tsagewa. Reshe biyu sun buɗe sun zama teku fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, na ukun kuwa, mai tsawon wajen kilomita 1,000 daga bakin teku zuwa wajen Gongola da Yola, ya fara buɗewa ya tsaya. Ruwan teku ya taɓa shiga cikinsa, kuma dutsen farar ƙasa na Ashaka, wanda ake yin siminti da shi, a cikin wannan ruwa ya kwanta.

Tsakanin 1967 da 1968 Dan McKenzie da Jason Morgan da Xavier Le Pichon suka tsara bayanin da ake koyarwa yanzu, cewa saman duniya ya kasu zuwa manyan fallaye masu tauri, kaurinsu wajen kilomita 100, suna tafiya a kan tsoka mai malala. Binciken da ya biyo baya ya gyara hoton Holmes a wuri ɗaya muhimmi. Fallayen su kansu sashe ne na juyin, kuma mafi ƙarfin abin da ke jan su shi ne nauyin tsohon falle mai sanyi da ke nutsewa cikin tsoka. Jeffreys, wanda ya rasu a 1989, bai taɓa yarda da wannan ba.

9.0 Kammalawa

Awon da aka tattara zuwa 2010 ya nuna cewa zafin da ke fita daga cikin duniya ya kai wajen wat tiriliyan 47. A 2011 na'urar KamLAND ta ƙasar Japan, wadda ke kama wasu ƙananan ƙwayoyi da yuraniyam da toriyam ke fitarwa, ta nuna cewa kimanin rabin wannan zafi ne ke zuwa daga rugujewar sinadarai. Sauran rabin ragowar zafin asali ne, wanda duniya ta faro da shi. Ke nan Kelvin ya yi daidai da ya ce duniya hucewa take yi, Rutherford ya yi daidai da ya ce akwai wata wuta a cikinta, amma bayanin kowannensu bai tsaya ba sai da aka haɗa shi da na Perry.

Wannan tarihi ya nuna cewa tsakanin 1895, lokacin da Perry ya yi maganarsa, da 1968, lokacin da aka yarda da ita, akwai shekara 73, kuma ba rashin ƙwarewa a lissafi ne ya jawo jinkirin ba. Kelvin da Jeffreys suna cikin gwanayen lissafi na zamaninsu. Abin da ya hana su gani shi ne ma'anar da suka bai wa kalmar tauri, suka auna ta da daƙiƙa da sa'a, alhali tsokar duniya tana aiki ne da miliyoyin shekaru. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Da tafiyar santimita biyu zuwa huɗu a shekara, kwatankwacin tsirowar farce, aka buɗe Tekun Atlantika, kuma na'urorin da ke aiki da tauraron ɗan'adam suna auna wannan tafiya kowace shekara.